Ta Ci Turanci A Takarda, Amma Baki Ya Ƙi Buɗuwa

  

Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga koken wata 'yar uwa mutuniyar Furana, wadda ta tare ni bayan an tashi daga wani taron suna, ta ce tana da magana. 'Yarta ta fari ta gama babbar sakandare, sakamako ya fito, har da kiredit a Turanci. Aka kira ta ganawa a wata makarantar koyon aikin jinya. Da ta shiga, aka ce ta faɗi sunanta da garinsu da dalilin da ya sa take son aikin, da Turanci. Yarinya ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. Aka maimaita tambaya, shiru. Aka ce ta je, za a neme ta. Da daddare uwar ta zo wucewa ta ƙofar ɗaki, sai ta jiyo ta ita kaɗai tana jero amsar nan tiryan-tiryan, tana yi tana kuka.

Abin da ya fi tayar wa uwar hankali shi ne maganar da maigidan ya yi washegari: "Shekara shida ina sayen littafi da yunifom, a ce ko sunanta ba ta iya faɗa ba? To na ƙannenta ma sai an sake shawara." Kin ga ke nan shirun minti biyu yana neman ya shafi karatun yara mata biyu da ke bayanta. Kuma mu ne dai masu kukan cewa in mun je awo ko haihuwa ba mu cika samun mace 'yar garinmu da za ta duba mu ba.

Na tabbata daga Ikara zuwa Maƙarfi, har Hunkuyi da sauran garuruwan Kudan, gidaje da yawa suna da irin wannan yarinya ko irin wannan yaro. Saboda haka za mu duba daga ina matsalar take, da abin da uwa za ta iya yi a gida ko da ba ta jin Turanci, da kuma abin da malama za ta yi a aji, tunda akwai malamai da yawa cikin masu karanta wannan shafi.

DAGA INA MATSALAR TAKE?

Da farko, uwargida, ki cire wa ranki cewa 'yarki daƙiƙiya ce. Wadda ta rubuta insha'i ta ci kiredit ba daƙiƙiya ba ce. Ga wasu daga cikin dalilan shirun nata.

Na ɗaya, rashin wurin yi. A garuruwanmu Hausa ake yi a gida da kasuwa da hanyar makaranta, har ofishin malamai. Turanci sai an shiga aji, a ajin ma malami ke magana, yara na kwafar rubutu daga allo. Yi lissafi da kanki: darasi minti 40 ne. In yara 60 ne a ajin, kuma a ce malami bai ce uffan ba ya bar musu lokacin duka, kowane yaro daƙiƙa 40 zai samu. To ina ga in malamin ya cinye minti talatin yana bayani? Akwai yarinyar da za ta yi zango guda cur ba ta furta jimla ɗaya ta Turanci da ta ƙirƙira da kanta ba.

Na biyu, yanayin jarrabawarmu. A jarrabawar WAEC ta kammala sakandare akwai takardar da ake kira ta furuci, amma a Nijeriya ba da baki ake amsa ta ba: a ba ka kalma, ka zaɓi wadda sautinta ya yi daidai da ita. Turancin JAMB kuwa, wanda dole ne ga duk mai neman jami'a, a kwamfuta ake danna amsa. Ke nan yaro zai iya hayewa tun daga firamare har ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello ba a taɓa sa shi ya buɗe baki an ba shi maki a kai ba. Malami kuma abin da za a tambaya a jarrabawa shi yake koyarwa.

Na uku, sauye-sauyen tsari. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsu, daga baya a koma Turanci, kuma bugunta na 2004 ya sa wannan sauyi a aji huɗu na firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi shekara shida na firamare da harshen uwa, sannan a Nuwamban 2025 ministan ilimi ya sanar da soke wannan, a koma Turanci. Duk wannan kai-komo a sama ake yin sa. Abin da muka saba gani a ajin ƙauye shi ne a rubuta da Turanci, a yi bayani da Hausa, yaro ya haddace. Sai ya tashi yana ganewa, yana rubutawa, amma harshensa bai saba ba. Wata mai bincike a ƙasar Kanada, Merrill Swain, ta bayyana irin haka a 1985 game da yaran da aka shekara da shekaru ana koya musu darussa da Faransanci: suna ji sarai, amma in sun zo magana sai a ga giɓi. Ta ce sai an sa mai koyo ya fitar da magana da bakinsa sannan yake gane inda ya gaza, ya gyara. Mu ma ai mun san kallon mai tuƙa tuwo ba ya koya wa yarinya tuƙi, sai ta riƙe muciya.

Na huɗu, shekarun balaga. Yaro ɗan shekara biyar ba ruwansa, zai kwaɓa Turancinsa ya wuce. Amma daga shekara goma sha biyu zuwa sama, yarinya takan ɗauka duk idon duniya a kanta yake. Wani masanin halayyar yara ɗan Amurka, David Elkind, ya yi rubutu a kan wannan a 1967, inda ya ce matashi yana yawo ne da 'yan kallo na zuci da ya ƙirƙira wa kansa. Ki haɗa wannan da ihun da 'yan aji ke yi in wani ya kwafsa, da laƙabin da za a maƙala mata har ta gama makaranta. In kuma ta iya, a ce iyayi ne, "ga Baturiya nan ta zo". Ta ko'ina ba ta tsira ba, sai ta zaɓi shiru.

Na biyar, tsoro yana toshe abin da aka sani. A 1986 wata malama a Jami'ar Texas, Elaine Horwitz, tare da abokan aikinta, suka nuna cewa akwai fargaba ta musamman da ke kama masu koyon baƙon harshe, mai tushe uku: tsoron magana da mutane, tsoron jarrabawa, da tsoron a raina ka. In ta kama mutum, kalmar da ya sani jiya sai ta ɓace masa yau. Abin da ya sami 'yar Furana ke nan. Amsar tana cikinta, shi ya sa ta fito da daddare da babu mai kallo.

KUNYA IRI BIYU CE

A nan wata za ta ce, "To Malama, so kike mu cire wa 'ya'yanmu kunya?" Allah ya kiyaye. Kunya ado ce ga mace da namiji, kuma addininmu ya sanya ta cikin imani. Mu muka koya wa yarinya ta rusuna in za ta gaida babba, kar ta tsare shi da ido, kar ta ɗaga murya. Wannan yana nan daram.

Amma akwai wata aba da muke kira kunya alhali tsoro ce: wadda ke hana yarinya tambayar abin da ba ta gane ba, ta hana ta faɗa wa likita inda ke mata ciwo, ta hana ta amsa tambayar da ta san amsarta. An ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Game da koyon harshe kuwa, Zaidu ɗan Sabit yana matashi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, ya kuwa koya cikin kimanin rabin wata. A ƙasarmu ma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da Larabci da Fulatanci da Hausa ta yi rubuce-rubucenta, ta kuma tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata da baki. Ba wanda ya taɓa cewa ta rasa kunya.

Ki zaunar da 'yarki ki bambance mata waɗannan biyun. Ki ce mata, "In malami ya tambaye ki a aji, amsawa ita ce ladabi." Yara da yawa ba su taɓa jin wannan daga bakin iyayensu ba.

ABIN DA UWA ZA TA YI A GIDA

Kar ki ce, "Ni da ban yi boko ba, me zan iya?" Abin da yarinyar ke nema shi ne kunnen da ba zai yi mata dariya ba, kuma kina da shi.

1. Ki mai da ita malamarki. Bayan sallar isha'i, ko lokacin da kuke gyaran kayan miya, ki ce ta koya miki jimla biyu: yadda ake gaisuwa, yadda ake tambayar kuɗin abu. Ki maimaita, ki kwafsa, ki yi wa kanki dariya. Yarinyar da ta ga uwarta ta yi kuskure duniya ba ta tashi ba, ta koyi babban darasi. Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Asabar kaɗai. Yau da gobe ai ita ke sa allura ginin rijiya.

2. Ki nuna mata ta riga ta san da yawa. Mota, tebur, bokiti, fensir, kofi, burodi, tumatir, karas, kabeji, asibiti, direba, makaniki, inji, duk daga Turanci Hausa ta aro su ta gyara su daidai bakinta. Ku yi gasa da yara a tsakar gida, wa zai fi kawo irin waɗannan kalmomi, sannan babbar ta faɗi yadda asalinsu yake.

3. Ki ba ta aikin gaske. Takardar da ke cikin kwalin magani, saƙon banki a waya, rubutun jikin buhun taki ko maganin feshin maigida, katin rigakafin ƙaninta: ta karanta da ƙarfi, sannan ta fassara. In maigida yana wurin ya fi kyau, don ya ga amfanin kuɗin da yake kashewa da idonsa.

4. Ku yi amfani da waya da rediyo. Ta ɗauki muryarta na minti ɗaya tana ba da labarin abin da ta yi yau, ta saurara, ta goge, ta sake. Ba mai ji sai ita. In ta saba, ta riƙa tura saƙon murya ta WhatsApp ga yayarta ko 'yar goggonta da ke karatu a Zariya, a wayarki, kina sane. Haka kuma ku ji labarai da Hausa tukuna, sannan ta ji na Turanci na ranar. Tunda ta riga ta san abin da ya faru, kalmomin za su fi zama.

5. In 'yar fari ce, ki nemo mata abokin hira. Mun san al'adarmu: uwa na kunyar ɗan fari, wata ko sunansa ba ta faɗa, balle su zauna suna raha. Ba sai kin karya al'ada ba. Akwai ƙanwarki, akwai matar ƙanin maigida, akwai kaka wadda dama wasa ke tsakaninsu. Kaka ta ce, "Zo ki yi min Turancin nan naku in ji," yarinya za ta saki jiki fiye da yadda za ta yi a gabanki. Sai dai ki ja kunnen taubasai da yayye maza, tsokana a kan komai ban da wannan.

6. Abubuwa uku da za ki kiyaye. Kar ki kira ta gaban baƙi ki ce, "Yi musu Turanci." Kar ki gwada ta da 'yar maƙwabta. Kar kuma ki riƙa cewa a gabanta, "Ai ita wannan kurma ce, ba ta magana." Sunan da uwa ta raɗa wa ɗa shi yake bi.

Wani abu kuma: kar a hana yara Hausa a gida wai don Turanci ya zauna. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara duk darussan firamare da Yarbanci shekara shida, Turanci kuma aka ba shi ƙwararren malami a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Yaron da ya iya tsara zance da harshen uwarsa, ya iya ba da tatsuniya daga farko har ƙarshe, shi ne zai fi saurin tsara shi da wani harshen.

ABIN DA MALAMA ZA TA YI A AJI

Yanzu gare ki, 'yar uwa malama, ko a makarantar gwamnati kike, ko Islamiyya mai haɗe da boko, ko kuwa darasin yamma kike yi wa yaran unguwa a zaure.

1. Ki kafa doka tun ranar farko: ba a dariyar kuskure. Ki tsaya a kanta kamar yadda kike tsayawa a kan makara. Ki daina cin tarar wanda ya yi Hausa ko rubuta sunansa don a yi masa bulala. Wannan dabara shiru take koyarwa. Maimakon haka ki koya musu jimlolin neman agaji, irin su "How do you say this in English?" da "Please say it again", ki rubuta su a gefen allo su zauna a nan har ƙarshen zango.

2. Ki fara da amshi, ki gangaro. Aji duka su faɗi jimlar tare, sannan layi-layi, sannan benci-benci, sannan biyu-biyu. Mai kunya takan ɓuya cikin taro ta gwada bakinta ba wanda ya ji. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, haka ake biya karatu a Islamiyya.

3. Ki yawaita aikin biyu-biyu. Koma kan lissafinmu na ɗazu: in kin raba yara 60 biyu-biyu, mutum 30 ke magana a lokaci guda. Minti biyar kacal zai ba kowace yarinya minti biyu da rabi, wato ya ninka abin da za ta samu a darasi sukutum fiye da sau uku. Ajin zai yi hayaniya, ki sanar da shugaban makaranta tun da wuri cewa hayaniyar aiki ce. In ajin haɗe yake, mata da mata, maza da maza. Kar kuma ki haɗa mai kunya da sarkin surutun aji, zai cinye lokacin. Ki haɗa ta da ƙawarta ko wata mai haƙuri.

4. Tunani, sannan abokiya, sannan aji. Wani malami a Jami'ar Maryland, Frank Lyman, ya fito da wannan tsari a 1981. Ki yi tambaya, kowa ya yi shiru minti ɗaya ya rubuta abin da zai ce, ya faɗa wa na kusa da shi, sannan ki zaɓi wasu su faɗa wa aji. Ga wani sirri: ki ce mai kunya ta faɗi abin da abokiyarta ta ce. Faɗin ra'ayin wani ya fi sauƙi, domin in ma da kuskure ba nata ba ne.

5. Ki koyi jira. Wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta auna a farkon shekarun 1970 ta gano malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya ne bayan sun yi tambaya kafin su wuce ko su amsa da kansu. Da aka ƙara jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba su saba magana ba suka fara sa baki. Yarinyarmu kuwa sai ta juya tambayar zuwa Hausa, ta nemo amsa, ta mayar Turanci. Ki ƙirga biyar a zuci kafin ki ce "zauna".

6. Ki kawo zancen da suka fi ki sani. Yarinyar da ba ta taɓa ganin jirgin sama a ƙasa ba, in kin ce ta yi hirar filin jirgi, kin ɗora mata kaya biyu. Amma tambaye ta yadda ake shanya tumatir a Ikara lokacin da ya yi araha, ko yadda ake dafa ruwan rake a yi mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi, ko yadda ake miyar kuka, ko kwatancen hanya daga gidansu zuwa makaranta. Abin faɗa yana nan, kalmomi kawai za ki ba ta.

7. Ki sa su wasan kwaikwayo. Ɗaya mai kwandon tumatir, ɗaya ɗan kasuwar da ya zo saye daga Legas ba ya jin Hausa, su yi ciniki. Ɗaya nas, ɗaya mai jego. Ɗaya mai ganawa, ɗaya mai neman gurbin karatu. Sau da yawa yarinyar da ba ta iya magana da sunanta, in an ce ita ce "Hajiya mai shago" sai ki ji baki ya buɗe, domin ba ita ake kallo ba, Hajiya ake kallo.

8. Ki ba su dalilin tambaya. Ki rubuta farashin kaya biyar a wata takarda, wasu biyar a wata, ki ba kowace ɗaya, kar su nuna wa juna. Dole sai ta tambaya za ta cika tata.

9. Labari ɗaya, sau uku. Akwai dabarar da masana irin su Paul Nation suka yi bincike a kanta: ɗalibi ya ba da labari cikin minti huɗu ga mutum na farko, ya maimaita shi cikin minti uku ga na biyu, sannan minti biyu ga na uku. Ga yaranmu ki rage, ki fara da minti ɗaya da rabi, minti ɗaya, rabin minti. A zagaye na uku za ki ji inda-inda ta ragu.

10. Gyara yana da lokaci. In yarinya tana tsakiyar magana kar ki katse ta. In ta ce "Yesterday I go to market", ki ce, "Oh, you went to the market! What did you buy?" Ta ji daidai ɗin, kuma hira ba ta tsaya ba. Sauran kurakurai ki rubuta a takardarki, a ƙarshen darasi ki sa uku a allo ba tare da sunan kowa ba, a gyara tare. Yabo kuma ki yi shi a kan abu takamaimai: "Yau kin yi jimla uku ba ki duba takarda ba." In mai tsananin kunya ce, ki faɗa mata a gefe, don yabo a bainar jama'a ma nauyi yake mata.

SAUTUKAN DA KE BA MU KUNYA

Yawancin dariyar da ake wa Bahaushe a kan sautuka kaɗan ne. Hausa ba ta raba "p" da "f", shi ya sa "pan" da "fan" ke zame mana ɗaya. Ba mu da "v", sai mu sa "b". Sautin "th" kuma mukan mai da shi "s" ko "z". Sannan harshenmu ba ya son baƙaƙe su taru ba wasali, shi ya sa "bread" ya zama burodi.

Maganin "p" da "f" sauƙi gare shi. Ta riƙe 'yar takarda a gaban bakinta. A "p" leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe, takardar ta yi tsalle. A "f" haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa, iska ta fita a hankali. "V" kamar "f" ne, sai dai maƙogwaro na rawa, ta sa yatsa a wuya za ta ji. A "th" kuwa kan harshe ke leƙowa tsakanin haƙora. Minti uku a gaban madubi kullum ya isa.

Amma ki gaya mata gaskiya: kowace ƙabila da inda harshenta ke karkata, Bayarabe da nasa, Ibo da nasa, Ba'indiye da nasa, kuma duk suna aikinsu a asibitoci da jami'o'in duniya. Abin nema shi ne a gane abin da ta ce. Ba a ce sai ta zama 'yar Landan ba.

IN SHIRUN YA WUCE KUNYA

Uwargida, ki lura da waɗannan. In yaro yana yawan cewa "na'am?" ko da Hausa ake magana, ko kunnensa na zubar da ruwa, a kai shi a duba jinsa. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Shika, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. In yana da in'ina, kar a ƙarasa masa magana, kar a ce ya yi sauri, kuma malama ta sani tun farkon zango. In kuwa yarinya mai surutu ce da, sai kwatsam ta yi shiru a gida da makaranta, ta daina cin abinci sosai, ko ta fara ƙin zuwa makaranta, to wannan ba zancen Turanci ba ne. Ki ja ta ɗaki ki bincika cikin lalama, wataƙila wani ke takura mata a hanya ko a aji.

AIKIN WANNAN WATA

Ga abin da nake so kowace uwa ta gwada kafin fitowa ta gaba. Sati na farko, yarinya ta koya miki jimla biyu kullum. Sati na biyu, ta riƙa ɗaukar muryarta minti ɗaya, ita kaɗai. Sati na uku, ta yi hirar minti uku da mutum ɗaya da ta yarda da shi. Sati na huɗu, ki zauna a kujera kamar mai ganawa, ta yi sallama ta shigo, ta gaishe ki, ta faɗi sunanta da garinsu da abin da take son zama da dalili. Ko ba ki gane ba, ki gyaɗa kai, ki bari ta kai ƙarshe. Ranar ta ƙarshe a yi a gaban mahaifinta, in ta yarda. Ba a fafe gora ranar tafiya, wadda ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare ma yanzu ne lokacinta.

Ita kuwa 'yar uwarmu ta Furana, shawarar da na ba ta ke nan, na kuma ce ta roƙi maigida ya ba yarinyar dama ta sake nema, ya bar ƙannen su ci gaba da zuwa makaranta. Wadda ta sami wata dabarar da ta yi mata aiki a gidanta ko a ajinta, ta aiko mana don sauran 'yan uwa su amfana.

Allah ya shirya mana zuriya, ya buɗe ƙirjinsu da harshensu, ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.